Kundin aikin katunan zane, Janairu zuwa Afrilu

6 ga Janairu

Aikin shi ne katuna goma sha biyu, kowanne da hoto guda da ke nuna yadda wani abin amfanin yau da kullum yake aiki: kwaɗo da mabuɗinsa, almakashi, zif, famfo, sarƙar keke da ire-irensu. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne babu rubutu a jikin kati, ko harafi ɗaya. In mutum ya duba ya gane, kati ya ci. In sai an yi masa bayani, ya faɗi.

Abu biyu aikin ke buƙata, kuma babu wanda nake da shi a hannu: dabarar da za a nuna abin da ita, da hannun da zai zana dabarar. Saboda haka na raba yinin gida biyu. Da safe minti ashirin na jera dabaru a kundi, da biro, don kada in samu damar gogewa. Da yamma rabin awa na koyon zane da fensir.

Dokar safiya ta Alex Osborn ce, wani mai kamfanin talla a New York wanda tun a shekarun 1940 yake ta nanata cewa a raba lokacin kawo dabara da lokacin yanke mata hukunci, kuma a nemi yawa tukuna. Ba duk abin da ya faɗa ne ya tsaya da ƙafarsa ba, amma batun yawa ya samu goyon baya daga wani gefen. Dean Simonton na Jami'ar California ya shafe shekaru yana ƙirga ayyukan masana kimiyya da masu tsara kiɗa, ya tarar waɗanda suka fi fitar da ayyuka masu daraja su ne dai waɗanda suka fi fitar da ayyuka gaba ɗaya, har da tarkace. Thomas Edison na da takardun mallakar ƙirƙira 1,093 a Amurka. Ta farkonsu, ta 1869, na'urar ƙirga ƙuri'un 'yan majalisa ce, kuma ba ta samu mai saye ba. Ba ina sa kaina a sahun waɗannan mutane ba ne. Abin da na ɗauka kawai shi ne shafin safiya yana da izinin cika da shirme.

13 ga Janairu

Dabarun farko na kowace safiya kusan iri ɗaya ne, ko mene ne na sa a gaba. A tsaga shi biyu a nuna cikinsa. A sa kibiya. A zana shi kafin da bayan. A ƙara girman ɓangaren da ke motsi. Da gudu suke zuwa, kuma saboda saurin zuwansu sai mutum ya ji kamar kansa na ja. Daga nan sai tsit. Biro a tsaye, agogo na tafiya, zuciya na cewa tashi haka nan, ai an gama.

Ashe masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan shirun. J. P. Guilford na da wani gwaji da ya shahara: a ambaci bulo, a ce mutum ya lissafo duk amfanin da za a iya yi da shi. A 1957 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa a irin waɗannan gwaje-gwaje amsoshin da ke zuwa daga baya sun fi na farko zama sababbi, duk da cewa ɗaiɗai suke fitowa. A 2020 Brian Lucas da Loran Nordgren suka ƙara wani abu a kai. Mutane kan yi zaton ingancin dabarunsu zai yi ƙasa in zama ya yi tsawo, alhali in aka auna yana nan yadda yake, wani lokaci ma ya ƙaru. Wahalar da ake ji ce ake ɗauka a matsayin alamar ƙarewa.

To, ba na tashi sai agogo ya buga. Yau a mintunan ƙarshe na rubuta: a zana zif daga wurin haƙori ɗaya, yana kallon maƙwabcinsa na tahowa. Ko za ta yi amfani ko ba za ta yi ba, aƙalla ba kibiya ba ce.

24 ga Janairu

Kwanakin nan kofi nake zanawa, kuma kofin ya ba ni aiki fiye da yadda na zata.

Na ajiye shi kan tebur, na zauna nesa kaɗan. Bakin kofi da'ira ne, kowa ya san haka. Amma daga inda nake zaune ba da'ira ke shiga idona ba, wata siririyar siffa ce mai faɗi, tsayinta bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta ba. Duk da haka, in na zana sai bakin ya fito a wangale, kamar daga sama nake leƙensa, gindin kuma ya fito a miƙe ɗoɗar, kamar daga gefe nake kallonsa. Kofi ɗaya, amma kamar mutum biyu ne suka zana shi daga kujeru daban-daban.

Robert Thouless ya auna wannan tun 1931. Ya riƙa nuna wa mutane faifai a karkace, yana neman su nuna siffar da suke gani, kuma kullum sai su ba da siffar da ta fi ta gaskiya kusa da da'ira. Abin da suka sani game da faifan ne ke janye abin da suke gani. A 1997 Dale Cohen da Susan Bennett suka bi sawun tambayar me ke hana yawancin mutane zana abin da ke gabansu. Sun tarar in aka ba mutane hoto su bi layinsa, hannunsu na yi daidai gwargwado. Matsalar ta fi yawa a wurin gani. Wannan ya kwantar mini da hankali ta wani ɓangaren, don na daɗe ina ɗauka yatsuna ne ba su da saiti, ya kuma tayar mini da shi ta wani ɓangaren, don yatsa ana ganin rawarsa, ido kuwa in yana ƙarya ba ya nunawa.

Maganin da masu zane ke amfani da shi tsoho ne. A miƙe hannu gaba ɗaya da fensir a tsaye, a rufe ido ɗaya, a daidaita kan fensir da gefen bakin kofi na can baya, a zame babban yatsa har ya zo daidai da gefen gaba. Wannan shi ne tsayi. Sai a kwantar da fensirin ba tare da an ɗaga yatsa ba, a ga sau nawa wannan tsayin zai shiga faɗin. Dole gwiwar hannu ta kasance a miƙe, in ta lanƙwashe ko kaɗan ma'aunin ya canza. Ranar da na fara yin haka sai da na maimaita, don ban yarda da abin da fensir ya gaya mini ba. Akan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wurin zane dai sai an daɗe ana tsare shi da fensir kafin ya san ta.

Akwai kuma dabara ta biyu da ta fi burge ni. Maimakon in zana mariƙin kofi, sai in zana sararin da ke cikin mariƙin. Wannan sararin ba shi da suna, ƙwaƙwalwa ba ta da wani tsohon hotonsa a ajiye, don haka ba ta da abin da za ta gyara mini. In sararin ya fito daidai, mariƙin ya fito da kansa.

2 ga Fabrairu

Rabin awa ya fara yi mini kaɗan. Da zarar hannu ya ɗumama sai lokaci ya cika, kuma raina na ta raya mini in tara duka in yi zaman awa huɗu a ƙarshen mako.

Abin da ya hana ni shi ne labarin ma'aikatan gidan waya na Birtaniya. A 1978 Alan Baddeley da D. J. A. Longman suka wallafa sakamakon koya musu buga tafireta, don aikin injinan tantance wasiƙu. An raba su rukuni huɗu, daga masu awa ɗaya a rana har zuwa masu awa biyu sau biyu a rana. Masu awa ɗaya ne suka koya da mafi ƙarancin awoyi. Amma da aka tambaye su, su ne suka fi kowa rashin jin daɗin tsarin, masu awa huɗu kuwa suna ta yabon nasu. Ke nan ƙorafin da nake yi yanzu irin na rukunin da ya ci riba ne. Rabin awa na nan.

11 ga Fabrairu

Kofi ya fara zama kan tebur maimakon shawagi a iska, tun da na fara sa masa inuwa mai duhu a daidai inda ya taɓa katako. Na koma kan almakashi da kwaɗo. Na kuma samo irin kwaɗon nan mai gangar jiki garai-garai da ake koyon aikin makulli da shi, ana ganin duk abin da ke motsi a ciki.

19 ga Fabrairu

Katin farko, na kwaɗo, ya sha gwaji yau.

Ga yadda abin yake aiki, kuma irin wannan tsari ne Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861 da 1865. Mabuɗi na shiga cikin wata 'yar ganga da ke son juyawa. Abin da ke hana ta juyawa 'yan sandunan ƙarfe ne da ke tsaye a ramuka, kowane rami da sanda biyu, ɗaya kan ɗaya, da sifirin a sama yana danna su ƙasa. Sandunan ƙasa tsayinsu ya bambanta. In mabuɗin gaskiya ya shiga, haƙoransa na ɗaga kowace sanda daidai yadda mahaɗar ta sama da ta ƙasa za ta zo kan iyakar ganga, duka a layi ɗaya, sai ganga ta samu hanyar juyawa. In haƙori ɗaya ya yi tsawo ko ya gaza, sanda ɗaya za ta gitta kan layin, komai ya tsaya.

Na zana shi a tsage, da sandunan da sifirin da kibiyoyi biyu, kuma a gaskiya ya yi tsaf. Na miƙa wa ƙanwata ban ce komai ba. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce, "Yaya, wannan ashana ce a cikin akwati, ko allurai?" Na ce ta ƙara dubawa. Ta ce, "Na dai ga mabuɗi. Sauran kuma sai ka faɗa mini." Bisa sharaɗi, kati ya faɗi.

Da na ajiye shi kusa da hotunan kwaɗo da ke intanet, sai na ga ɗan uwansu ne sak. Na kalle su kafin in fara jera dabaru, kuma duk abin da na rubuta bayan nan kewaye su kawai yake yi. David Jansson da Steven Smith sun nuna irin wannan a 1991 da ɗaliban injiniya. An ce su tsara kofin da ba ya zubar da abin sha, an nuna wa wasunsu misali mai tsinken zuƙa, an kuma faɗa musu ƙarara kada su yi amfani da tsinke. Duk da haka waɗanda suka ga misalin sun fi sauran sa shi a nasu. Sabuwar doka: sai na cika shafin safiya kafin in duba yadda wasu suka yi. Abin da kansa zan riƙa dubawa, ba hotonsa ba.

1 ga Maris

Yau ban jera dabaru ba. Na zauna na karanta duk abin da na rubuta tun Janairu, ina sa alama a kan masu kama da juna, don in ga inda kaina ke yawan komawa. Abin da na gano ya fi wanda na je nema girma.

Babu mutum ko ɗaya a kundin. Babu hannu, babu yatsa, babu fuska. Ina neman hanyar nuna almakashi, abin da ba ya yin komai sai da yatsu a cikinsa, amma a shafuka bayan shafuka almakashin shi kaɗai yake buɗewa yana rufewa, da kibiya a gefe. Mabuɗi na juyawa ba mai juya shi. Keke na tafiya ba ƙafa a kan feda.

Dalilin a fili yake: ban iya zana hannu ba. Abin mamakin shi ne ban taɓa rubuta dabara mai hannu sannan in soke ta don ta fi ƙarfina ba. Da haka ne, da na ga sokewar a takarda, tunda da biro nake rubutu. Dabarun ba su ma iso ba. Wani abu a can ciki ya riga ya san iyakar fensirina, yana tace su tun kafin su kai inda zan gan su. Dokar Osborn ta hana ni yanke hukunci a kan abin da ya zo, amma ba ta da iko a kan abin da aka tare a hanya.

Wannan ya rushe yadda na tsara aikin tun farko. Na ɗauka safiya da yamma hanyoyi biyu ne da za su haɗu a ƙarshe, kai ya kawo, hannu ya aiwatar. Yanzu ina ganin yamma ce ke yanka wa safiya filin da za ta yi kiwo. Ina kuma zaton abin bai tsaya a zane ba. Mai ɗinkin da bai iya sa aljihu ba da wuya ya yi tunanin rigar da kyanta ke wurin aljihu. Mai rubuta manhajar kwamfuta da bai san wata hanya ba, matsalolin da wannan hanya ke warwarewa ba za su ma yi masa kama da matsaloli masu magani ba. Shi ya sa nake ɗan shakkar shawarwarin nan na buɗe tunani da ake yi wa mutane ba tare da an tambaye su me hannunsu ya iya ba. Kana iya zama ka buɗe tunani har gobe, abin da zai shigo bai wuce abin da kake da wurin ajiye shi ba.

Daga gobe, yamma ta hannu ce. Na hagu zai zauna, na dama ya zana shi.

12 ga Maris

Hannu na da ƙasusuwa 27, kuma da alama kowanne na da ra'ayinsa. Abin da ya fara taimaka mini shi ne in manta da yatsu tukuna, in zana tafin a matsayin akwati mai kauri, in gane inda ya fuskanta. Ɗan yatsan tsakiya tsawonsa ya yi kusa da na tafin. Gaɓoɓin yatsu ba a layi madaidaici suke ba, a baka suke. Babban yatsa kuwa daga gefe yake fitowa, can kusa da wuyan hannu, yana kallon sauran, kuma in aka zana shi a jere da su hannun ya zama cokali mai yatsu.

Na canza tsarin rabin awar. Da ina zana abu ɗaya sau da yawa a jere, kuma na ƙarshe kullum ya fi na farko kyau, in tashi da farin ciki. Yanzu ina gauraya su: hannu riƙe da mabuɗi, sai kofi, sai almakashi, sai hannu a buɗe. Babu daɗi ko kaɗan. Duk wanda na koma kansa kamar yau na fara ganinsa. Amma a 1978 Robert Kerr da Bernard Booth sun sa yara jifa da 'yan buhuna zuwa wani wuri da aka yi wa alama. Wasu sun yi ta jifa daga nisan ƙafa 3, wasu daga ƙafa 2 da ƙafa 4 kawai. Da aka gwada kowa daga ƙafa 3, waɗanda ba su taɓa jifa daga nan ba ne suka fi saiti. Nate Kornell da Robert Bjork kuma a 2008 sun koya wa mutane gane salon masu zane 12. Gauraya hotunan ta fi jera na kowane mai zane wuri ɗaya amfani, amma mafi yawan mahalarta sun tafi da imanin cewa jerawar ba ta gaza ba, ko ma ta fi. Don haka na daina auna ci gaba da zanen ƙarshe na yini. Zanen farko nake dubawa, wanda hannu ya yi da sanyinsa.

Wani abokina da ya ga kundin ya ce saura awa dubu goma in zama gwani. Wannan adadin ya samo asali ne daga binciken Anders Ericsson da abokansa na 1993 a kan masu koyon gogen Turawa a wata makarantar kiɗa a Berlin, inda mafiya ƙwarewa suka tara kimanin awa 10,000 na atisaye kafin su kai shekara 20. Matsakaici ne, ba ƙa'ida ba, kuma Ericsson da kansa ya yi ta ƙorafin yadda aka yayata shi. Abin da yake nufi atisaye ne mai niyya, wanda ake nufar inda rauni yake, a ga sakamako, a gyara. A 2014 Brooke Macnamara da abokan aikinta suka tattara bincike masu yawa, suka ce irin wannan atisaye na bayyana kashi 26 cikin ɗari na bambancin ƙwarewa a wasanni irin su dara, kashi 21 a kiɗa, 18 a wasannin motsa jiki, 4 a karatu, ƙasa da 1 a ayyukan sana'a. Har yanzu ana jayayya a kan waɗannan alƙaluma. Ni dai ba gwani nake son zama ba, hannun da za a gane hannu ne nake nema.

22 ga Maris

Babu wani motsi. Hannayen wannan makon da na makon jiya ba a bambance su. William Bryan da Noble Harter sun ga irin wannan tsayawa a wurin masu koyon karɓar saƙon tangarahu tun 1897, suka fassara ta da cewa mai koyo na ƙaura ne daga jin harafi ɗaiɗai zuwa jin kalma sukutum. Ina fatan haka ne. Yana kuma yiwuwa gajiya ce kawai.

3 ga Afrilu

Na gayyaci abokai uku mu yi wa katin almakashi taron dangi. An yi dariya, an sha hira, kuma da na duba takarda bayan sun tafi, dabarun ba su kai na safiya ɗaya ba. Wanda ya fara magana ya ce a kwatanta shi da lilon yara mai hawa da sauka, daga nan kowa ya koma gyara lilo.

A nan ne Osborn ya yi tuntuɓe, don shi a wurinsa taro ne injin dabaru. Tun 1958 Donald Taylor da abokansa a Jami'ar Yale suka gwada, suka tarar mutum huɗu da suka yi aiki kowa shi kaɗai, aka haɗa takardunsu, sun kusa ninka abin da mutum huɗu suka kawo a zaune tare. A 1987 Michael Diehl da Wolfgang Stroebe a Jamus suka nuna babban dalilin: baki ɗaya ke magana a lokaci guda, kuma kafin layi ya zo kanka ka manta taka ko ka raina ta. In za mu sake zama, kowa zai fara cika takardarsa shiru, sannan a buɗe baki.

Amma ba a tashi a banza ba. Da ɗayansu ya ɗauki almakashin yana yanka kwali, sai na ga yana tura kwalin can ciki kusa da ƙusa ba tare da ya sani ba. Hannunsa ya san inda ƙarfin yake. Katin ke nan: hannu biyu iri ɗaya, ɗaya na fama a bakin almakashi, ɗaya na yanka cikin sauƙi a gindinsa. A watan Fabrairu da ko kallon hannunsa ba zan yi ba.

14 ga Afrilu

Kwaɗo ya warware, kuma a kan hanya ya warware, ina tafiya a ƙasa ba na tunanin komai.

Mutum biyar, tsayinsu daban-daban, a tsaye a jere, kowa da akwati a kansa. Ƙasan da suke tsaye a kai matakala ce mai hawa da sauka, wato haƙoran mabuɗi. Gajere na kan tudu, dogo na cikin kwari, don haka kawunansu duka sun zo layi ɗaya, akwatunan na saman layin, mutanen na ƙasansa, kuma jerin na iya zamewa gefe ya bar akwatunan a sama. A rabin katin na biyu matakalar wata ce daban: kan dogo ya tsallake layi ya tokare, gajere ya nutse akwatinsa ya faɗo ya gitta. Babu kibiya ko ɗaya.

Na san za a ce tafiyar ce ta kawo ta, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Marily Oppezzo da Daniel Schwartz na Stanford sun nuna a 2014 cewa mutane sun fi kawo dabaru a gwajin Guilford in suna tafiya, ko da a kan na'urar motsa jiki ce suna fuskantar bango. Masanin lissafin nan na Faransa, Henri Poincaré, ya ba da labarin yadda wata amsa ta faɗo masa yana ɗora ƙafa kan matakin keken dokin haya a garin Coutances. Sai dai masu son wannan labari kan tsallake makonnin da ya yi yana fama da matsalar a tebur kafin tafiyar. Haka ma binciken Ullrich Wagner da abokansa a Lübeck a 2004: waɗanda suka yi barci sun fi waɗanda ba su yi ba gano ɓoyayyar hanyar warware wani aikin lissafi fiye da ninki biyu, amma barcin bai yi wa waɗanda ba su fara taɓa aikin ba komai. Ni abin da na fi riƙewa shi ne wannan dabara mutane ne a cikinta daga farko har ƙarshe, kuma ta zo ne bayan fensirina ya fara iya tsayar da mutum a kan ƙafafunsa. Na yi tafiya a ƙasa a Fabrairu ma, ba ta zo ba.

26 ga Afrilu

Na kai wa ƙanwata sabon katin. Ta ɗan yi shiru, ta sa yatsa a kan dogon da ya tokare, ta ce, "Wannan ne ya hana su wucewa." Sai ta bi matakalar da yatsa har ƙarshe, ta ga kan mabuɗi, ta ce, "Au, mabuɗi ne suke tsaye a kai! To Yaya, ina kwaɗon?" Tambayar na kan hanya. Zan zagaye hoton duka da siffar kwaɗo da layi mara nauyi, in sake gwadawa da wanda bai taɓa ganin katin farko ba, don ita yanzu ta san amsa.

Katin almakashi ya ci a gwajin farko. Na sarƙar keke na kan hanya, ƙafa ce ke ba ni wahala, musamman idon sawu in feda na ƙasa.

Na sake karanta shafukan safiya na wannan watan da irin idon da na karanta na Maris. Mutane sun cika su yanzu, har sun fara yawa, kusan kowace matsala sai in jera mata mutane. Wannan ma zai zama sabuwar kibiya in ban lura ba. Abin da babu shi kuwa ruwa ne. Ina da shafuka a kan famfo, kuma a cikinsu duka famfon a bushe yake. Don haka yammacin watan Mayu na ruwa ne: yadda yake fita a dunƙule, inda yake sirancewa, inda yake tsinkewa ya zama ɗigo. Katin zif na dakatar da shi har sai na samo babban zif irin na jaka, don haƙoran na riga sun yi ƙanana, ba na iya ganin yadda suke shiga juna.